Sa'adu Mai Fito da Ciwon Aro

Sa'adu taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ne gare ni. In ya ji haushi ya sha ruwan gulbi, ga shi nan gabansa kyauta.

Garinmu yana bakin gulbin Rima, ƙasa da madatsar Goronyo, kafin a kai Wurno. Gidajenmu suna wannan gaɓa, amma fadamar albasa da titin mota da ɗan asibitinmu duk suna waccan. Wanda ya tsara haka ban san abin da muka yi masa ba. Mai zuwa gona da mai ciwon ciki duk sai sun shiga jirgin fito, jirgin kuwa na Sa'adu ne, gadon ubansa. Ni ina da rumfa a mashigi inda nake banda kifi, saboda haka shekara da shekaru kunnena ke ɗaukar wahalarsa.

Allah ya yi wa Sa'adu baki. Ba zagi ba, ba gulma ba, magana dai zallarta, wadda ba ta da ƙofar fita. In ka tambaye shi ya ruwa, zai faro maka daga ambaliyar da aka yi yana goye, ya biyo ta kan jakin kakansa da ya nutse, ya tsaya ya yi wa jakin addu'a, sannan ya tambaye ka me ka ce ma. Matarsa Laraba ta taɓa gaya mini cewa ranar da ya je zance wurinta, ta ce ta amince ne kawai don ya bar ta ta je ta sauke tukunya. Yau aurensu ya haura shekara talatin, kuma a cewarta har yanzu bai kai ƙarshen wancan zancen ba.

Da albasa ta yi daraja, ƙwaya ta shigo mana. Samarinmu 'yan ƙwadago suka gano tramol. In mutum ya haɗiya sai ya yini yana tunƙaho da buhu bai san rana ta yi ba. Wasu kuma suka riƙa bin manyan motoci rakiyar albasa zuwa Kudu. Can sai su sha don hana barci, su sha don jin daɗi, in kai ya ɗauki zafi su shiga inda da hankalinsu ba za su shiga ba. Su dawo da sabuwar waya da takalmi, da kuma tsarabar da ba a sa ta a jaka. In fitsari ya fara yi wa mutum zafi sai ya je wurin mai tallan magani ranar kasuwa, a ba shi kafso biyu, ciwo ya lafa, ya ce ya warke. Matansu na gida kuwa ba su ji ba, ba su gani ba.

Ana cikin haka aka turo mana wani ma'aikacin lafiya, Uwaisu, ɗan Rabah, siriri, mai ɗaukar komai da muhimmanci. Ya kira taron faɗakar da matasa a gindin tsamiya. Waɗanda suka halarta su ne tsofaffin mata huɗu da suka ɗauka rabon gidan sauro za a yi, sai ni da na je kallo. Ya tattara hotunansa ya shiga jirgin Sa'adu zai koma, ransa a ɓace. A tsakiyar ruwa Sa'adu ya kafe gora ya fara ba shi tarihin jakin nan. Uwaisu ya duba dama ruwa, ya duba hagu ruwa. Maimakon ya yi kuka, kamar yadda masu hankali ke yi, sai fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Baba Sa'adu, ashe nan ba mai gudu?"

Sa'adu ya ce, "Gudu zuwa ina? Wanda yag gaji da magana ta, ga ruwa nan."

Haka aka kai taubashina Goronyo horo, shi da wani mai shayi da wanzamai biyu, mutanen da samari ke zama gabansu ko suna so ko ba sa so. Abin da aka koya musu ba shi da yawa. Ka sami mutum shi kaɗai. Ka tambaye shi abin da yake sha da inda yake zuwa in ya sha. Ka yi shiru ka saurara, ban da wa'azi, ban da tsawa. Ka taimake shi ya zaɓi abu guda da zai iya canzawa, ka nuna masa hanyar gwaji, ka kuma riƙe sirrinsa har kabari. Mai horarwar ta ce duka kada ya wuce tsawon shan kofin shayi. Sa'adu ya ɗaga hannu ya tambaya, shayin da zafinsa ko wanda ya huce? An ce matar ta daɗe tana kallonsa.

Ya dawo da dabara. In ya hango wanda yake so, sai ya dubi cikin jirgi ya girgiza kai ya ce yau jirgi na yoyo, mutum guda zai ɗauka. Ba a yi nisa ba duk garin ya gane, in Sa'adu ya ce jirgi na yoyo yana kallonka, to taka ta same ka. Amma batun taƙaitawa ya gagara. Wani Yazid ya shiga da safe zai je ban ruwa, Sa'adu ya saki gora yana bayani da hannu biyu, ruwa yana jan su, ba su farga ba sai da suka hango shinkafar Wurno. A kan kabu-kabu yaron ya dawo. In kuma aka rufe ƙofofin madatsa ruwa ya ja baya ya koma iya gwiwa, to kasuwar Sa'adu ta watse. Da idona na ga ƙato da buhun taki a kai ya dira ruwa ya ƙarasa da ƙafa, Sa'adu na binsa a baya da jirgi yana cewa saura kaɗan.

Akwai kuma batun kwaroron roba. Uwaisu ya ba shi kwali ya ɓoye a ƙarƙashin benci. Sa'adu yakan ce wa yaro, ka ji tsoron Allah kada ka je, in kuwa Shaiɗan ya fi ƙarfinka to kada ka kwaso wa 'yar mutane masifa. Cikin ɗan lokaci kwali ya ƙare, aka kawo wani, shi ma ya ƙare. Uwaisu har ya fara tafiya da ƙafar nasara. Sai ranar da ya zo mashigi wayar wani masunci ta yi ƙara, mutumin ya zaro ta daga aljihu a ɗaure tam cikin kwaroron roba. Ashe masuntanmu sun gano babu abin da ya fi shi hana waya shan ruwa. Har Sarkin Ruwa yana da tasa. Na ce wa Uwaisu ya kwantar da hankalinsa, ko ba komai wayoyin garinmu ba wadda za ta kamu da ciwon sanyi.

Abin da ya gyara aikin Sa'adu mura ce. Ta kama shi ta shaƙe masa murya, in ya yi magana sai ka ce ana jan buhu a ƙasa. Da ƙyar yake iya fitar da tambaya ɗaya, "Mi kaka sha?" Daga nan sai dole ya yi shiru. Samarin da ba su taɓa jin shirun Sa'adu ba suka tsorata, suka fara cike gurbin da bakinsu. Wannan ya faɗi nasa, wancan ya faɗi nasa, har da masu hawaye. Kafin murar ta sake shi, waɗanda suka je gwaji wurin Uwaisu sun fi na duk watannin baya. Ni na yi ta roƙon Allah ya dawwamar da ita, ba a karɓa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, ya ɗauki darasi. Tun daga nan in ya yi tambaya yakan cusa goro a baki don ya hana kansa tsoma baki, kuma yara suka fara neman jirgin mutum guda da kansu.

Mutum ɗaya ne duk wannan bai taɓa ba, shi ne Shafi'u, ɗan farin Sa'adu.

Mu nan ba ma wasa da kunyar ɗan fari, gidan su Sa'adu kuwa sun fi kowa. Tun da aka yanka ragon sunan yaron, sunan bai taɓa fita daga bakin ubansa ba. "Wancan" yake ce masa. Ba su ci a kwano ɗaya, ba su haɗa ido, in Sa'adu yana son a ɗauko masa buta yana iya aika maƙwabci ya gaya wa yaron da ke tsaye gabansa. Laraba ma haka. Kakarsa ce ta rene shi. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san in Shafi'u yana Kudu Sa'adu ba ya cin abinci sosai. Amma mutumin da zai iya yi wa kututture hira har ya yi tsiro, in ya ga ɗansa sai bakinsa ya mutu.

Shafi'u ɗan rakiyar albasa ne, ƙaƙƙarfa, mai fara'a, kuma yana haɗiyar tramol kamar sauran. Yana da mata, Rahama. Cikinta na farko ta haifi ɗa babu rai. Danginta suka ce aljanin ruwa ne, don ta ƙetare gulbi da ciki da tsakar rana. Yanzu ta sake samun wani, har ya fara fitowa, kuma an kafa mata doka ba ita ba gulbi sai ta haihu. Asibiti kuwa yana ƙetare. Mijinta kaɗai ke da ikon karya wannan doka.

Abin da zan faɗa yanzu ban san shi a lokacin ba. Daga baya Shafi'u ya ba ni labarin da bakinsa, ya ce in faɗa wa duk wanda zai amfana. Wani abokin tafiyarsa, wanda ba zan kama sunansa ba, ya shiga jirgin mutum guda. A tsakiyar ruwa ya ce, "Baba, na tahi wurin Uwaisu. Ya ce tunjere na, an yi man allura. Amma ba ni ɗai nit tahi gidan matan can Kudu ba. Mu biyu munka shiga, ni da Shafi'u, kuma ba yau munka hwara ba."

Sa'adu ya san tunjere, an koya musu. Ya san ƙurjinsa yakan fito ya ɓace da kansa, mutum ya yi ta yawo yana cewa lafiyarsa lau. Ya san yana bin jinin uwa ya sami ɗan da ke ciki, ya kashe shi ko ya nakasa shi, kuma allura tana maganinsa in an yi ta da wuri, wa miji da mata duka. A nan cikin jirgi ya tuna jikansa da ya ɗauka a tafin hannu ya kai maƙabarta. Ranar ya sauke fasinja ya zo ya zauna a rumfata bai ce uffan ba. Na ji tausayinsa, abin da ban saba ba, har na ba shi kifi.

Ya fara da ni. Ya ce in gaya wa wancan ya je Uwaisu ya duba shi. Na ce don me? Ya ce amana ce, ba ya iya faɗa. Na tare Shafi'u na isar da saƙo. Amma wa zai ɗauki maganar taubashin ubansa da gaske? Ya yi dariya ya ɗaga turmin maƙwabta da hannu ɗaya ya ce, "Baba, wanga na mai ciwo?" Ya sayi kifi ya wuce. Sa'adu ya je wa Uwaisu ya ce ya aiko a kira yaron. Uwaisu ya ce ba a jawo mutum gwaji da igiya, sai ya zo da ƙafarsa.

Sai Allah ya kawo dama. Shafi'u ya sayo rago a ƙetare zai yi kiwonsa kafin suna, kuma ba shi da hanyar dawowa sai jirgin ubansa. Ba kowa a mashigi, daga uba sai ɗa sai rago. Shafi'u ya shiga ya juya baya don kunya. Sa'adu ya tura jirgi, ya yi gyaran murya, ya dubi ragon ido cikin ido.

Ya ce, "Kai rago, mi kaka sha?"

Rago yana tuƙa.

"An ce in kas sha kana shiga garken mutane can Kudu. Ban ce ka hwaɗa man ba. Amma akwai cuta wadda ba ta nuna kanta, rago, kuma ba kai ɗai taka ci ba, har abin da ac cikin tunkiya."

Ya jefa goro a baki ya saurara, kamar yadda aka koya masa. Rago ya yi fitsari a jirgi. Sa'adu ya ɗauki wannan a matsayin amsa ya ci gaba, ya yi masa bayanin gwaji da allura, ya tabbatar masa Uwaisu ba ya faɗa wa kowa. Ya ce mini bai taɓa yin aikin da ya tsaru kamar na ranar ba. Da jirgi ya taɓa gaɓa ina tsaye ina kallo, Shafi'u ya miƙe ya zare abin sauraron waƙa daga kunnuwansa biyu ya naɗe a aljihu. Ko kalma ɗaya bai ji ba. Ragon ne ya turje yana jan igiya zai koma ƙetare, ni dai na ce asibiti yake son zuwa.

Motar su Shafi'u kuwa an fara yi mata lodi, jibi za su sake tafiya Kudu, kuma in sun tafi sai Allah ya dawo da su.

Washegari bayan sallar Asuba muna teburin mai shayi, har da Liman, sai ga Sa'adu tafe ƙafa a buɗe kamar mai sabuwar kaciya, yana nishi, yana dafa bango. Ya tsaya a tsakiyar jama'a, da furfurarsa da carbinsa, ya ce da ƙarfi, "Jama'a, ku yi man addu'a. Ciwon sanyi ya kama ni. Hitsari awa barkono."

Mai shayi ya ci gaba da zuba ruwa har kofi ya cika ya malala. Ni burodi ya sarƙe ni. Liman, mutumin kirki, ya nema masa mafita. Ya yi tari ya ce, "To, Malam Sa'adu, halama ka ƙetare hitsarin jaki, ko ka zamna bisa dutse mai zahi. Ana samu nai ta nan."

Sai Yazid, wanda aka kai yawon Wurno, ya ce daga bayan benci, "A'a, Malam. Baba Sa'adu da kai nai yac ce muna ƙarya ta, ba a ɗauka nai ta nan. Hanya guda ta."

Samarin wurin duk suka gyaɗa kai, ɗalibai nagari. Kowace ƙofar tsira Sa'adu da hannunsa ya toshe ta tun bara. Ya dubi Liman, ya dubi ƙasa, ya ce, "Hakanan na."

Na ce, "Sa'adu, kai da ko nan Marnona ba ka kwana, ina kas samo shi? Tsakag gulbi?"

Ya juya ya nufi gida yana dafa bango. Kafin hantsi labari ya riga shi gida, ga shi bai shawarci Laraba ba. Matar nan da ba a jin muryarta, ranar aka ji ta har mashigi. Duk maganar da ta tara tun ranar tukunya ta sauke masa, ta bi shi ɗaki, ta bi shi zaure, shi kuwa ya saurara ba tare da ko goro ba. Ta ɗaure kayanta ta ce ta tafi Dinawa wurin wanta. Ta iso bakin ruwa, sannan ta tuna mai fito shi ne marar lafiyar. Ta dire ƙunshinta a rumfata ta zauna tana huci.

Shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya kwanta yana salati, yana cewa a kai shi asibiti. Maƙwabta suka zo za su ɗauke shi, ya ce hannunsu da sanyi. Ɗan ƙanensa ya zo, ya ce wannan bai iya gora ba, zai kifar da shi. Kowa ya kawo kansa sai an sami aibinsa. Mutane suka fara ƙus-ƙus, mutum da ɗansa ƙato a gari, a ce bare ne zai kai shi magani? Aka je aka kira Shafi'u daga inda yake shirin tafiya. Ya zo fuska ba walwala, kunya ta ishe shi, ya sunkuci ubansa ya saɓa a baya ya nufo mashigi, yara na biye.

Laraba tana kallo suka iso. Da Shafi'u ya sunkuya zai sa shi a jirgi, jirgin ya ɗan goce, sai marar lafiya ya miƙa ƙafa ya taka gefensa ya daidaita shi cak, sannan ya tuna ya ci gaba da nishi. Ta bi su da ido har suka yi nisa. Na ga hucinta yana sauka.

Ta ce a hankali, "Tsohon banza. Lahiya tai lau."

Na ce, "To mi yas sa shi wanga abin kunya?"

Ta dubi bayan ɗanta yana tura gora, sai idonta ya ciko. Ta ce, "Don wancan na." Ta ɗauki ƙunshinta ta koma gida ta ɗora tukunya.

A asibiti Uwaisu bai san da shirin ba. Ya ga gwarzon ma'aikacinsa an shigo da shi a goye yana ƙifta masa ido har ya zaci wani ciwon ne daban. Ya ɗauko abin gwaji ya ce a kawo yatsa. Sa'adu ya ƙanƙame hannu a hammata, mutumin da ƙayar kifi ta gama huda shi tun yana yaro, ya ce shi tsoron allura yake ji. Ya dubi bango ya ce, "Sai dai wancan shi hwara, in ga ko da zahi."

Nan Uwaisu ya gane. Amma bai bi ta wayo ba. Ya soki tsohon ba tare da lallashi ba, ya ce ya jira a waje, ya rufe ƙofa da Shafi'u. Ya ce masa, "Ba a yi ma mutum gwaji a ɓoye. Wanga gwajin tunjere na da ƙanjamau. In kana so a yi, in ba ka so ka tashi, ba mai ji. Amma bari in tambaye ka, in kuna Kudu, mi kaka sha?"

Shafi'u ya ce mini maganar ba ta daɗe ba. Uwaisu bai yi masa faɗa ba, tambaya yake yi yana jira. Ya faɗi tramol, ya faɗi inda suke zuwa, ya faɗi wani ƙurji da ya taɓa fito masa ya ɓace. Da Uwaisu ya tambaye shi ko matarsa ta taɓa ɓari, ya kuma gaya masa abin da cutar ke yi wa ɗan ciki, sai ya tuna ɗansu da suka rasa. Ya miƙa yatsa da kansa. Ƙanjamau babu, tunjere akwai. Aka yi masa allurar farko a take. Abu gudan da ya zaɓa shi ne ba zai bi motar gobe ba, zai tsaya a gama maganinsa, batun ƙwaya kuma zai riƙa dawowa su rage ta sannu a hankali. Uwaisu ya ce saura babbar, dole Rahama ta zo, kuma da wuri.

Sa'adu kuwa ba a same shi da komai ba. Ya nace sai an yi masa allura shi ma don ya sami dalilin ɗingishi. Uwaisu ya ce ba a yi wa mai lafiya allura. Ya fito yana ɗingishinsa haka nan, har yana mantawa da ƙafar da ya fara da ita.

Suka shiga jirgi za su dawo, rana ta take. Sa'adu yana zaune a gaba ya ba da baya, Shafi'u na tura gora. Da suka kai tsakiyar ruwa sai jirgi ya tsaya. Shafi'u ne ya kafe gora. Bai dubi ubansa ba, ruwa yake kallo.

Ya ce, "Baba, lahiyakka lau. Uwaisu bai hwaɗa man ba, ni nig gane. Ni ad da shi." Ya ƙara riƙe gorar. "Ɗan ga da munka rasa, halama ba aljani na ba. Ni na. Kuma ka zubda girmanka gaban Liman sabadda ni. Gobe in anka sallame Asuba za ni tashi in hwaɗa ma mutane gaskiya."

Tun da aka haife shi bai taɓa yi wa ubansa magana mai tsawon wannan ba. Sa'adu ya ce mini ya ji kamar ya juya ya rungume shi, amma wuyansa ya ƙi. Ya kafa ido a kan gaɓar garinmu, ya share fuska da hannun riga, ya ɗaga murya kamar mai ba ɗan aike saƙo.

"A gaya ma wancan shi ruhe baki nai. Ni tsoho na, dariyab bana ba ta kashe ni. Girma in ba a kashe shi ga ɗiya ba, ga wa za a kashe shi? A gaya mai abin da yaw wuce Allah shi gahwarta muna, mu nemi na gaba. Shi kawo mata tai gobe da sahe. Ni za ni ƙetare da ita da hannuna, in ga aljanin da ka taɓa jirgina."

Babu kowa a jirgin sai su biyu. Shafi'u ya zare gora daga laka, ya tura.

Ya ce, "Za a gaya mai, Baba."